Amya Goma Sha Huɗu a Bayan A-kori-kura

Kawuna, yayan mahaifiyata, ba a kiransa da sunansa a unguwa. Mai Jela ake ce masa, domin tun da na yi wayo ban taɓa ganin motarsa tana tafiya ita kaɗai ba. Ƙaramar a-kori-kura ce fara, tayoyin baya kaɗai ke janta, kuma kullum akwai 'yar tirela mai taya biyu maƙale a bayanta. Yau injin kwaɓa siminti, gobe janareta, jibi firjin wani mai kanti. Ni kuma Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bakinsa ba ya iya faɗa.

Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙi a wani ofishin aikin gona. A can ya koyi jan tirela, a can kuma ya haɗu da ƙudan zuma. An taɓa kawo wani shiri na koya wa manoma kiwon zuma a cikin akwatunan katako, shi ne direban da ke kai malaman ƙauyuka. Yakan zauna a mota yana jiransu, gilashi a sauke, kunne a buɗe. Da shirin ya ƙare aka jibge akwatunan a bayan sito, gara ta fara cinsu. Ya roƙi biyu aka ba shi. Da ya yi ritaya aka yi gwanjon tsofaffin motocin ofishin, ya sayi wadda hannunsa ya saba da ita.

Lokacin da na gama jami'a na zo zama gidansu ina jiran aiki, amya biyun nan sun zama goma sha huɗu. Yana ajiye su a wani kwari bayan gari, gefen rafi, a ƙasar wani abokinsa da ya rasu, wanda 'ya'yansa ba su taɓa ce masa ya tashi ba. Nasa 'ya'yan uku duk sun yi nisa, sai waya. Inna, matarsa, takan ce da ƙudan nan na da waya su ma, da ba wanda zai ƙara samun layin Kawu a duniya. Ya san halin kowace amya. Akwai wadda yake kira Masifaffiya, akwai Malalaciya, akwai Tsohuwa, wadda zuriyarta ta fito daga akwatin farko.

Ni ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa yake son tafiya da ni. Ina zama a gefensa, yana tuƙi yana karanta mini dokokinsa kamar wanda ke tilawa. Kaya mai nauyi a ɗan gaban tayar tirela yake zama, in ya koma baya tirela za ta fara kaɗa jela a titi har ta jefar da kai. Sarƙoƙi biyu a gicciye ƙarƙashin ƙugiyar da ke haɗa tirela da mota. Gangara da giya ake saukarta, ba da birki ba. In kuma damina ta sauka, sai ya jera buhunan yashi a bodi daidai saman tayoyin baya, ya rage musu iska, don su danne ƙasa su kama. Wannan dabarar ta ƙarshe ta fitar da shi daga taɓo sau ba adadi, yana ji da ita ƙwarai.

Ran wata Alhamis, bayan kwana uku ana ruwa, manajan babbar gonar waken da ke maƙwabtaka da amyoyin ya zo har gida. Mutumin kirki ne, ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma. Ya ce tsutsa ta shiga waken, ran Litinin da sassafe za su yi feshin magani, ba zai iya ɗagawa ko da kwana ɗaya ba. Waken yana cikin fure, ƙudan Kawu kuwa a kansa suke wuni.

Bayan ya tafi, Inna ce ta fara magana.

"To sai a kwashe su. Ga lambun mangwaron ƙanena can ƙetaren gari, ya sha ce maka ka kawo."

"Kwashewar ce aiki," in ji Kawu.

Ga yadda ake ɗaukar amya. Tun da asuba, kafin ƙuda su fita, ake toshe ƙofar kowace da ragar waya. Daga wannan lokacin agogo ya fara gudu. Dubban rayuka ne a rufe cikin akwati, suna jin girgiza, suna fusata, jikinsu na ƙara zafi. In rana ta ɗaga ba a buɗe ba, saƙar kan yi laushi ta zube, zumar ta kwarara a kansu, su mutu a ciki. Hanyar fita daga kwarin kuma guda ɗaya ce, hawa mai kusan rabin kilomita, jar laka, gefen dama ruwa ya zaizaye shi ya bar rami mai santsi.

Ran Juma'a muka gwada da amya huɗu. Ba mu kai tsakiyar hawan ba motar ta tsaya, inji na kuka. Kawu ya ce in sauka in duba. Tayar dama tana cikin ramin tana juyawa da gudu, tana watsa laka har kan ragar amyoyin. Tayar hagu tana kan tsakuwa, wuri mai kyau, amma a tsaye take cak kamar ba a jikin motar take ba. Muka cusa duwatsu, muka cusa rassa, tayar ta tofar da su. Sau biyar yana ja da baya yana sake ɗaukar gudu. A na shida tirelar ta zame gefe, saura kaɗan ta kife. Muka koma ƙasa da baya da baya, muka sauke su, muka buɗe. Ƙuda bakwai suka harbe shi a wuya, bai ko ɗaga hannu ba.

Da yamma ya kama waya. Direban tarakta na babbar gonar ya ce ko gawar ubansa ce a cikin akwatunan ba zai ja ƙudan zuma ba. Masu manyan motoci biyu suka tambayi irin kayan, da suka ji sai layin ya katse. 'Yan dako kuwa dariya suka yi. Amya cike da zuma ta fi buhun siminti nauyi, wa zai ɗora ta a ka ya hau rabin kilomita cikin santsi tana gunaguni a kunnensa?

Ran Asabar da safe muna gareji. Bakaniken Kawu abokinsa ne na shekara talatin, gajere mai tumbi, kuma ban taɓa jin sun gaisa ba tare da zagi ba.

"Kai Mai Jela, shekara nawa ina ce maka ka canza giyar aksul ɗin nan? Ka ce motarka ba ta taɓa ba ka kunya ba. To yau ga ta ta tuɓe maka wando."

"Ban zo jin wa'azi ba, Maƙeri. Ɗaga ta ka gani."

Ya sa jak ya ɗaga bayan motar. Ya kira ni da hannu.

"Zo, Malama, ke da kika yi boko, tunda kawunki kansa dutse ne." Ya juya tayar dama gaba, sai ta hagu ta juya baya. Ya buga spana a kan tukunyar ƙarfen da ke tsakiyar aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu. "A cikin nan akwai ƙananan giyoyi masu raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin nan biyu. Wannan irin tasa ragguwa ce. Duk tayar da ta fi sauƙin juyawa, ita take bi. A kwalta alheri ne, don in za ki sha kwana dole tayar waje ta fi ta ciki gudu. A laka kuwa, wadda ke santsi ta yi ta rawa, mai ƙasa a ƙarƙashinta ta zauna tana kallo."

"Faɗi magani," in ji Kawu.

Magani uku ne. Akwai giya mai riƙo, wadda in taya ɗaya ta fara santsi sai ta jawo ɗayar ta taimaka, a kwalta kuma ta saki. Bakanike ya ce ita ce ta mai jan tirela, ba ta cin taya, ba ta firgita direba. Na duba a wayata, na kira dillalai huɗu, duk da ban saba ciniki da baƙi ba. Wanda ya fi kowa sauri ya ce sati uku.

Akwai mai kulle, wadda direba ke kullewa da kansa in ya shiga laka, ya buɗe in ya fita. Bakanike ya ce ya ga guda a wurin mai sayar da kayan tsofaffin motoci, an ciro ta daga wata irin motar Kawu amma ta baya-bayan nan. Ya zare sandar aksul ɗaya muka tafi da ita. A rumfar mutumin, tsakanin tarin ƙofofi da fitilu, aka gwada sandar ta ƙi shiga. Mai kayan ya rantse tsatsa ce kawai. Kawu ya miƙo mini alli ya ce idona ya fi nasa. Na tsuguna na sa alama a haƙori ɗaya na ƙirga. Bakin sandarmu haƙori ashirin da bakwai. Ramin giyar talatin. Na sake ƙirgawa sau biyu ko Allah zai sa na yi kuskure. Ban yi ba.

Muka dawo gareji azahar ta wuce. Ba wanda ya ambaci na ukun, sai Kawu da kansa.

"Yi mata walda."

Bakanike ya ajiye tsumman hannunsa. "Kai? Kai da kake cewa duk wanda ya yi wa giyar aksul walda ya ɗaure ƙafafun motarsa biyu da igiya ɗaya? Kai da ka kira ni mahauci a gaban mutane don na yi wa motar wani mai yashi walda?"

"Na faɗa. Yi mata."

"In na narkar da giyoyin nan suka zama dunƙule ɗaya, ba a warwarewa, ka sani. Tayoyin biyu za su riƙa juyawa tare, ko suna so ko ba sa so. Laka kam za ta hau, ko bango ne. Amma kwalta..."

"Maƙeri, gobe ce kaɗai asubar da ta rage mini."

Aka kwance tukunyar, aka wanke baƙin mai da fetur. Kawu bai fita ba lokacin da tartsatsin ya fara, ya dai juya baya yana kallon bango. Da aka gama ɗaurawa la'asar ta yi sanyi. Bakanike ya riƙe ƙofar motar, ya daina wasa.

"Saurara, kuma ke Malama ki zama shaida. Da ka hau kwalta, ka tsaya. Sauke yashin nan duka. Cika tayoyin da iska su yi tauri. So nake in ka sha kwana taya ɗaya ta samu ta goga ƙasa ta yi ƙara. Ƙarar nan lafiya ce. In nauyi ya danne ta ta kasa gogawa, sandar ce za ta murɗe. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

"Ba ka ji ba, na san ka."

Ran Lahadi muna idar da sallar asuba muka sauka kwarin. Buhun yashi shida Kawu ya saba sawa, ranar goma ya sa, don tsoron abin da ya faru ran Juma'a, ya kuma rage iskar tayoyin fiye da kullum. Muka toshe ƙofofin da raga. Mu biyu ne, da baro da faffaɗan katako da muka jingina a bakin tirela. Kowace amya sai mun ciccije. Ragar Masifaffiya ta ɓalle a gefe, sai da ya kunna hayaƙi ya lallashe su ya sake bugawa. Jeri biyu muka yi, takwas a ƙasa shida a sama, muka ɗaure da igiya. Ƙafafun ƙarfen da amyoyin ke zama a kai, da baron, da sauran tarkace, muka jibge a bodi a kan buhunan yashin muka ɗaure su ma. Ya so mu tashi ƙarfe shida da rabi. Bakwai da rabi ta wuce kafin ya murɗa makulli.

Motar ta hau. A giya ta ɗaya, a hankali, tayoyin biyu suna tona lakar tare, tirelar na biye kamar akuya a igiya. Ko a wurin ramin ba ta yi gardama ba. Na juya in yi masa murna, na ga leɓensa na motsi, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

A bakin kwalta ya tsaya kamar yadda aka ce masa. Gari ya washe, babu gajimare ko ɗaya, rana ta fito da irin zafin nan na bayan ruwa mai dafa mutum. Ya zagaya ya ɗora tafinsa a kan wata amya ta sama, ya kara kunne. Ni ma daga inda nake ina jin su. Ba irin gunagunin da na sani ba ne, ya fi kaifi. Ya dubi bodin. Sai an kwance igiya, a sauke ƙarafa da baro, a sauke jiƙaƙƙun buhuna goma, a mayar da kaya, sannan a yi ta taka famfon ƙafa har tayoyi biyu su cika. Mu biyu, a gajiye, ba zai gaza minti arba'in ba. Lambun kuma tafiyar minti arba'in ce.

"Kwana ɗaya ce mai kaifi a duk hanyar, ta asibiti," ya ce. "Zan buɗe ta sosai."

"Kawu, Bakanike ya ce..."

"Na ji abin da ya ce, Uwata. Ke kin ji abin da waɗannan suke cewa?"

Na shiga mota.

Cikin gari motar tana ta ɗan tsalle a duk lanƙwasa, amma tana tafiya. Kwanar asibitin tana kan ɗan hawa, ana karyawa hagu. Da muka iso, wata motar burodi ta faka daidai inda Kawu zai buɗe, ƙofofinta a wangale, ana sauke kaya. Bayanmu motoci sun fara hon. Ya karya sitiyari har ƙarshe, ya ɗan taka totur. Na kasa kunne ina jiran ƙarar taya. Ba ta zo ba. Bayan motar ya yi wani nishi, ya ɗan ɗaga, sai muka ji ƙwas, kamar an harba bindiga a ƙarƙashin kujerarmu. Motar ta yi tangaɗi ta mutu, rabinta a kwana, tirelar a gicciye.

Kawu bai leƙa ƙasa ba, ya san abin da ya karye. Ya ce in kira Bakanike. Ƙarfe tara saura kwata.

"Wace sandar?" in ji Bakanike a waya. "Ta hagu? Ya sauke yashin? Kar ki faɗa mini, na sani. Ce masa kar ya motsa ta, in ya motsa tayar za ta zare ta fito da guntun sandar. Ina zuwa."

Mutane suka fara taruwa. Mai gadin asibitin ya zo yana kaɗa sanda.

"Baba, ka toshe mana ƙofa. Mene ne a akwatunan nan?"

"Ƙudan zuma."

Da'irar mutanen ta buɗe kamar an watsa musu ruwan zafi. Wani direban bas da ya ce zai ja mana tirelar da igiya ya tuna yana da fasinja. Babu mota ko ɗaya a wurin mai ƙugiya irin tamu, ta Bakanike kuwa wata biyu ke nan tana kan duwatsu babu inji.

Akwai wurin wankin mota a tsallaken titi. Kawu ya je da kansa, dattijo mai shekara sittin da uku, ya haɗa hannu biyu yana roƙon ruwa. Suka ba mu bokitai, suka ba mu tsofaffin buhuna. Muka jiƙa muka lulluɓe amyoyin, muna zuba ruwa a kai. Da suka ga ƙudan ba sa fitowa, huɗu daga cikinsu suka matso suka tambayi abin da za su taimaka. Kawu ya nuna bodi. Cikin minti biyar suka sauke buhunan goma suka jera a gefen titi. Ya tsaya yana kallon buhunan.

Ni na fara ganin zumar. Tana ɗiga daga ƙasan wata amya ta sama, siririya, tana bin katako. Na taɓa hannunsa na nuna masa. Ya dangwala ya ji ɗuminta. Sai na ga ya kai hannu kan ragar, yatsunsa sun kama bakin wayar. Fizga ɗaya kawai zai yi su fito. Ya juya ya dubi harabar asibitin. Ƙofar a buɗe take, mata na zaune a benci da jarirai a baya, wani tsoho a keken guragu an ajiye shi a inuwa. Ƙudan da suka sha girgiza da zafi na awa uku, in suka fito, ba sa tambayar wanda ya rufe su.

Ya daɗe hannun na wurin.

"Uwata, ƙaro ruwa," ya ce, ya sauke hannun.

Bakanike ya iso a kan babur da hular kwano, ya naɗe wuyansa da tawul, ya sa safar walda har gwiwar hannu, ga wata doguwar gora ta gini a kafaɗarsa.

"In ɗaya ta harbe ni, Mai Jela, wallahi sai na kai ka kotu."

"Ba sa cin baƙin mai, ba ruwansu da kai."

Wasan bai kai ko'ina ba. Bakanike ya kwanta ya leƙa, ya fito. Ya ce tunda giyar a dunƙule take, tayar dama za ta ja motar ita kaɗai, amma sanda ɗaya ce za ta ɗauki duk aikin, in ita ma ta tafi shi ke nan. Ya gicciya gorar a jikin tayar hagu daga waje, ya ɗaure bakinta biyu a jikin motar da igiya da waya, ya shafe tsakiyarta da giris, don ta tare tayar kada ta zare.

"Tafiyar ƙafa, ka ji ni? Lambu kuma ka manta da shi. Ina ne gidaje suka ƙare?"

"Bayan masu buga bulo. Kilomita huɗu."

Ƙarfe goma saura kwata muka motsa. Masu wankin mota suka tura har muka fita daga kwanar. Bakanike na gaba a babur yana kore mutane. Ni ina tafiya a ƙasa gefen hagu da bokiti, ido ɗaya a kan tayar, ɗaya a kan buhunan. In tayar ta fara leƙowa ta danna gorar sai in buga bodi, Kawu ya tsaya, Bakanike ya dawo ya mayar da ita da guduma. Sau bakwai muka yi haka. Gorar ta fara hayaƙi, muka ƙara giris. Kulocin motar na wari. Duk inda na ga famfo ko mai shago da randa sai in miƙa bokiti, ba na ma iya bayani, nuna tirelar kawai nake yi. Zuma ta bar layi a kan kwalta a bayanmu. Ƙarar amyoyin ta kai wani matsayi da nake jinta a haƙorana, daga nan kuma sai na lura ta fara raguwa, wannan ya fi tayar mini da hankali.

Sha ɗaya da rabi muka wuce masu bulo. Akwai wani fili da ake zubar da ƙasar gini, da bishiyoyi uku a ƙarshensa. Kawu bai jira ya kai inuwa ba. Ya ce wa Bakanike ya yi nisa, ya ce in sa hular raga mai kare fuska. Shi bai sa komai ba. Ya hau tirelar ya yanke igiya, ya fara fizge ragogin ɗaya bayan ɗaya.

Na jerin ƙasa, da na sama suka yi wa inuwa, suka fito kamar hayaƙi, baƙi ƙirin, suka rufe shi. Ina ganin suna harbinsa a hannu da fuska, yana ci gaba. Takwas ɗin duk sun tashi. A jerin sama Masifaffiya ta fito, rabi a guje rabi da rarrafe. Sauran biyar ya cire musu raga ba abin da ya fito sai zuma.

Muka sauke biyar ɗin a ƙasa. Ya ɗaga murfin ta farko. Saƙar ta zube gaba ɗaya, ƙudan sun zama wani baƙin curi mai sheƙi a ƙasan akwatin, da ɗumi kamar an sauke daga wuta. Ta biyu haka, ta uku haka, ta huɗu haka. Ta biyar Tsohuwa ce. Ya durƙusa a gabanta, idonsa ɗaya ya riga ya kumbura ya rufe. Ya sa yatsu yana tona curin a hankali. A wani lungu na sama, inda guntun saƙa ya maƙale bai faɗi ba, akwai 'yan ƙuda da ba su fi cikin cokali biyu ba, sun dunƙule suna motsi. Ya hura musu iska suka buɗe. Sarauniyar na tsakiyarsu, jiƙe da zuma, tana jan ƙafa.

Ya ɗauko ta a tafinsa tare da 'yan rakiyarta, ya miƙe, ya nufi tirelar. Ya tsaya a gaban amya ta farko, ya matsa ta biyu, ya dawo. Kowace tana da tata sarauniyar, duk wadda ya saka ta a ciki kashe ta za su yi kafin ya mayar da murfi. Ya juyo yana dube-dube a filin, ba komai sai tarin ƙasa da fasassun bulo.

"Uwata, kina da wani abu mai murfi?"

Na laluba jakata, na ciro gidan tabarau, na cire tabaran. Ya zuba su a ciki, ya sa ɗan tsinke a bakin don kada ya rufe ruf.

"Je ki ƙarƙashin bishiyar can ki riƙe. Kar ki girgiza."

Na tafi da shi a hannu biyu. Daga inuwar ina hango shi ya kifar da akwatin Tsohuwa yana kankare cikinsa da guntun katako don sarauniyar ta samu wurin komawa, yana kiran Bakanike ya kawo sauran ruwan da ke bokiti.